Yadda ake koyar da halayen ƙarafa da waɗanda ba ƙarafa ba, ko da makaranta ba ta da lab

Idan aka ba ka ajin SS1 aka ce ka koyar da wannan babi, abin da zai fara zo maka shi ne ka raba allo gida biyu, ka jera halayen ƙarafa a dama, kishiyoyinsu a hagu, yara su kwafa. Haka na yi a shekarata ta farko. Suka kwafa tsaf, suka haddace kamar karatun allo. Bayan mako biyu na ɗaga gwangwanin lemo na ce, wannan ƙarfe ne? Aji ya amsa baki ɗaya, a'a Malam. Dalilinsu, mayen ƙarfe ba ya kama shi, kuma ko ƙaramin yaro zai iya murƙushe shi. Tun daga ranar ban ƙara fara wannan darasi da alli ba. Da kwali nake shiga aji, cike da tarkace.

Tsarin da ke ƙasa yana cin darasi biyu na minti 80 da guda ɗaya na minti 40. Na saba yin sa da aji mai yara sittin zuwa saba'in, a rukuni-rukuni na mutum takwas.

Kayan da za ka tanada

Ƙarafa: ƙusar katako, guntun wayar wuta da aka feɗe don a sami jan ƙarfe, gwangwanin lemo saboda alminiyam, gwangwanin madara ko na tumatir, zink daga jikin tsohon batir, da zaren magniziyam idan akwai a sito.

Waɗanda ba ƙarafa ba: farar wuta, wadda za ka samu wajen 'yan koli da kuɗi kaɗan, gawayi, sandar kabon ta cikin batir, da bakin fensir. Idan makaranta na da ƙwayoyin aidin, ka ɗauko kaɗan a kwalba mai marfi.

Na gwaji: manyan batura biyu masu bolt 1.5, ƙwan tocila, guntayen waya, salatif, samfefa, guduma, faffaɗan dutse, filaya, mayen ƙarfe, kyandir, ashana, ruwan zafi a filas, kwalaben gwaji, asid mai ruwa-ruwa, takardar litmos, tabarau na kariya, bokitin ruwa da bokitin yashi.

Mayen ƙarfe kuwa kada ka saya. Je wajen mai gyaran rediyo ka roƙi matacciyar lasifika, akwai babba a bayanta. Sauran tarkacen 'yan gwangwan za su haɗa maka, kuma idan ka tsaya minti goma kana kallon yadda suke ware kaya da mayen ƙarfe da nauyin hannu, za ka fito da rabin darasinka.

Batir ɗin da za ka fasa shi ne mai arha, irin Tiger da ake sa wa rediyo. Ka yi shi a gida, hannunka cikin safa ko leda. Ka ɓare takardar waje, za ka tarar da kwanson zink, a ciki baƙin gari mai danshi, a tsakiya sandar kabon. Ka wanke zink da sandar, ka ɗaure garin a leda ka zubar inda yara da dabbobi ba sa kaiwa. Batir ɗin da aka rubuta wa alkaline kada ka taɓa shi: ba shi da sandar kabon, kuma abin da ke cikinsa yana cin fata. Batir ɗin wayar hannu ma kada ka taɓa shi, yana iya kamawa da wuta.

Abubuwa biyu ba na kai su aji. Na farko dalma. Mutanen Zamfara ba su manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Yaranmu suna taɓa abu su ci ƙuli-ƙuli da hannun ba wanki. Na biyu zaiba. Idan kana son su gan ta, ka nuna musu a cikin ma'aunin zafi, kada ka fasa.

1. Fara da gyara kalmar ƙarfe

A bakin Bahaushe ƙarfe shi ne na maƙera: baƙi, mai tauri, mai nauyi, mai tsatsa. A kimistiri kuwa baƙin ƙarfe ɗaya ne kawai daga cikin dangi mai yawa. Teburin sinadarai yana da elimen 118, sama da 90 daga ciki ƙarafa ne. Har kalsiyam na cikin ƙashi da sodiyam na cikin gishiri duk 'yan gidan ne. Idan ba ka warware wannan tun farko ba, duk halin da ka faɗa yaro zai auna shi da ƙusa.

Ni da maƙera nake shiga. Nakan tambaya, wa ya san bambancin maƙeran baƙi da maƙeran farfaru? Ba a rasa ɗan gidan sana'a a aji. Zai ce na baƙi su ne masu fartanya da gatari, na farfaru kuwa zobe da munduwa, da azurfa da tagulla suke aiki. To kun ga, kakanninmu ma sun san ƙarfe ba iri ɗaya ba ne. Daga nan sai ka rubuta sunayen da muke da su: zinare, azurfa, jan ƙarfe, dalma, zaiba, kuza wadda aka daɗe ana haƙa a Jos. Ka lura da tarko guda: tukunyar da ake cewa ta dalma a kasuwa, alminiyam ce aka narka aka zuba. Ka faɗa musu, don kada su rubuta maka cewa da dalma ake girki.

Gefe na biyu ma akwai rami. Ka tambayi yara misalin abin da ba ƙarfe ba, za su ce katako, roba, takarda. A hira gaskiyarsu ne, a jarrabawa kuskure ne. Rabon da muke yi na elimen ne, wato sinadarin da atam ɗinsa duk iri ɗaya ne, kamar kabon, farar wuta, oksijin, naitirojin, kulorin. Katako da roba haɗe-haɗe ne, ba sa cikin lissafin. Saboda haka kada ka sa su a tiren samfura, sai a gwajin zafi inda za su tsaya a matsayin abin kwatance kawai.

2. Bari su ware da kansu, su yi kuskure

Ba kowane rukuni tire ɗaya da takarda mai layuka: sunan abu a gefe, gwaje-gwaje a sama. Kafin a yi gwaji ko ɗaya, su raba kayan kashi biyu, su rubuta dalilinsu. Kada ka gyara musu. Za ka ga an sa sandar kabon cikin ƙarafa saboda ta yi tauri, an fitar da zink saboda ya yi toka-toka. Ka bar su. Wannan takarda ita za su koma su duba a ƙarshe, kuma babu abin da ke zama a kan yaro kamar kuskuren da ya kama da hannunsa.

Sannan a ɗauko samfefa, a goge kowane abu. Zink da magniziyam da tsohuwar wayar jan ƙarfe za su fito da ƙyalli nan take. Gawayi da farar wuta sai dai su zube gari. A nan ka jefa tambaya ka wuce ba tare da amsa ba: mene ne wannan dattin da muka kankare, daga ina ya zo? Amsar tana mataki na 8. Idan kana da aidin, ɗaga kwalbar su ga yana ƙyalli alhali ba ƙarfe ba ne. Wannan shi ne na farko cikin masu saɓa ƙa'ida.

3. Guduma

Wannan a gaban aji ake yi, yaro ɗaya sanye da tabarau, sauran su ja baya. A ɗora abu a kan dutse a buga. Wayar jan ƙarfe za ta baje ta zama kamar tsinken kara da aka taka. Alminiyam da zink haka. Ƙusa za ta baje kaɗan bayan an sha wuya, sai ka tuna musu dalilin da ya sa aka ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Farar wuta da gawayi ka naɗe su a tsumma kafin a buga, bugu ɗaya sun zama gari.

Kada a yi kuskuren kawo ƙusar kankare ko fasasshen ƙarfen zubi. Waɗannan ba sa bajewa, tsinkewa suke yi, ɓarɓashin ya yi tsalle. Ban da haɗarin ido, za su rikita maka darasi.

Miƙewa zuwa waya ba ta gwaduwa a aji. Abin da nake yi shi ne in feɗe wayar caja ko ta rediyo, in ba su su ƙirga siraran zaren da ke ciki, in ce wa zai iya yi mini irin wannan da gawayi. Zinare ne sarki a wannan fanni: giram ɗaya ana iya buga shi ya baje ya rufe kusan murabba'in mita ɗaya.

4. Amo da mayen ƙarfe

Waɗannan biyun minti biyar sun ishe su. A rataye abu da zare a ƙwanƙwasa da ƙusa, a saurara. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, in ji masu magana, to ga biyu sun haɗu. Tsohon rim ɗin mota da ke rataye a bishiya ana buga shi lokacin tashi, shi ma samfuri ne, ka nuna musu ta taga.

Mayen ƙarfe kuwa ana kawo shi ne don a karya masa daraja. Zai kama ƙusa da gwangwanin madara, ya ƙyale gwangwanin lemo da jan ƙarfe da zink. Cikin ƙarafan da aka saba da su, baƙin ƙarfe da nikel da kobalt kaɗai yake kamawa. Ka sa su rubuta da manyan baƙaƙe cewa mayen ƙarfe ba ya tantance ƙarfe.

5. Gwajin lantarki

Wannan shi ne zuciyar darasin, ka ba shi lokaci. Haɗa batura biyu kai da gindi, ka naɗe da salatif. Waya ɗaya daga kan batir zuwa ƙwai, wata daga ƙwai ta tsaya a sake, ta uku daga gindin batir ita ma a sake. Bakunan nan biyu da ke sake su ne za a riƙa dangwala wa samfuri. Kafin komai a haɗa bakunan da juna a ga ƙwai ya kama. Rukunin da ya tsallake wannan zai gwada kaya goma da mataccen batir ya rubuta maka cewa babu mai ɗaukar wuta.

Ka faɗa da babbar murya, ka maimaita: da batir kaɗai ake wannan gwaji. Ba a yi da soket, ba a yi da janareta, ba a yi da batir ɗin sola. Akwai yaron da zai koma gida ya ce bari ya gwada da wutar NEPA.

Matsaloli uku ne ke tasowa kusan kullum. Na farko ya taɓa kunyata ni. Na karɓo wayar koyil daga wajen masu naɗin fanka, ja jawur tana sheƙi, na dangwala a gaban aji, ƙwai ya ƙi kamawa. Wata yarinya daga baya ta ce, Malam, ashe jan ƙarfe ba ƙarfe ba ne. Aji ya tuntsire. Wayar koyil tana da siririn fenti marar launi da ke hana wuta wucewa, sai an kankare. Gwangwanin lemo ma haka yake ciki da waje. Yanzu da gangan nake ba rukuni ɗaya irin wannan waya, in tsaya in ga ko za su gano.

Na biyu, bakin fensir. Yana ɗaukar wuta amma ba kamar ƙarfe ba, don haka idan ya yi tsawo ƙwan tocila na dā ba zai kama ba. A matso da bakunan wayar kusa da juna, ƙwai zai yi ja, a nisanta su ya dushe. Sandar batir kuwa tana kunna shi sosai.

Na uku, idan ba ka sami ƙwai mai zare ba sai ƙaramin farin ƙwan LED na tocilan zamani. Yana aiki da batura biyu, amma ta fuska ɗaya kawai yake karɓar wuta, in ya ƙi sai a juya ƙafafunsa. Kuma wuta kaɗan ta ishe shi, har wani gawayin da ya ƙonu sosai ko samfurin da ya jiƙe yana iya sa shi ya ɗan yi haske. Ka busar da kayanka, ka gwada gawayinka tun a gida.

Idan an gama, kowane ƙarfe ya kunna ƙwai, farar wuta ta ƙi. Sai ga sandar kabon: ta karye a ƙarƙashin guduma, ba ta amo, amma ta kunna ƙwai. Bari su yi gardama a kanta, kada ka yi saurin raba su. Sunanta girafait, kabon ce kamar gawayi, kuma ita ce tambayar da masu jarrabawa ba sa gajiya da ita.

Kafin ka tashi daga nan ka ba su jerin gwanaye: azurfa ce ta ɗaya wajen ɗaukar wuta, sai jan ƙarfe, sai zinare, sai alminiyam. Ka tambaye su me ya sa manyan wayoyin da ke kan turaku na alminiyam ne. Amsa, arha da rashin nauyi. Santimita ɗaya ta kowace fuska ta alminiyam giram 2.7 ce, ta baƙin ƙarfe 7.9, ta jan ƙarfe kusan 9.

6. Gwajin zafi

Samo waya mai kauri ta jan ƙarfe, doguwar ƙusa, da tsinken katako, tsawonsu ɗaya, kaurinsu kusa da juna. Ɗiga kyandir a kan kowanne a nisa ɗaya daga ƙasa, ka manna ƙwayar wake. Tsoma gindinsu a kofin ruwan zafi, ka rufe bakin kofin da kwali mai huji don kada tururi ya narkar da kyandir ɗin ya ɓata sakamako. Waken jan ƙarfe ne zai fara faɗuwa, na ƙusa ya biyo baya, na katako yana nan har a tashi. Idan ruwan bai isa ya narkar da kyandir ba, yi amfani da man shanu ko bota.

Mutane da yawa cokalin silba suke ɗaukowa, su yi ta jira. Irin wannan ƙarfe marar tsatsa rago ne wajen ɗaukar zafi, jan ƙarfe ya ninka shi fiye da sau ashirin. Shi ya sa ake iya juya shayi da shi hannu bai ƙone ba.

A nan darasin farko yake ƙarewa.

7. Asid

Asid kai kaɗai za ka haɗa, kafin yara su zo. Idan haidurokulorik mai ƙarfi ke gare ka, kashi 1 a cikin ruwa kashi 11. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. In babu, sayi sabon ruwan batir wanda ba a taɓa sa shi a mota ba, salfiyurik ne, ka zuba kashi 1 cikin ruwa kashi 9. Wanda aka tsiyayo daga tsohon batir yana da dalma, ka bar shi. Naitirik kuwa ba na wannan gwaji ba ne sam, ba haidurojin yake bayarwa ba, hayaƙi mai guba yake fitarwa.

Jera kwalabe shida, asid kamar yatsa biyu a kowace. Saka magniziyam, zink, gogaggiyar ƙusa, jan ƙarfe, farar wuta, gawayi. Magniziyam zai tafasa ya ɓace, kwalbar ta yi ɗumi. Zink zai riƙa fitar da kumfa a natse. Ƙusa sai an ƙura ido. Jan ƙarfe ko gezau, farar wuta ma haka. Gawayi yana iya sakin 'yan kumfa da farko, iskar da ke cikin ramukansa ce da ɗan tokar da ke jikinsa, ka wanke shi ka jiƙa tun da wuri.

Kifa busasshiyar kwalba a kan ta magniziyam na ɗan lokaci, ka ɗaga ta tana kife, ka kai ashana mai ci bakinta. Za ka ji fat! Haidurojin ke nan. Yara za su ce a sake, ka tanadi magniziyam na sau uku. Sannan ka rubuta: Mg + 2HCl → MgCl₂ + H₂.

Abu biyu za a koya a nan. Waɗanda ba ƙarafa ba ba sa korar haidurojin daga asid mai ruwa-ruwa. Ƙarafa kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba, ga jerin ya fito da kansa daga magniziyam zuwa jan ƙarfe. Alminiyam na bar shi da gangan, domin fatar oksaid da ke jikinsa, wato inda ya haɗu da oksijin na iska, tana sa ya yi shiru na mintuna kafin ya fara, yara su ɗauka rago ne alhali yana gaban zink.

Sodiyam, idan akwai shi cikin kananzir a sito, kai kaɗai za ka taɓa shi, da filaya. Yanki kamar ƙwayar dawa, a babbar roba ta ruwa, a waje, yara nesa. Ganin an yanka ƙarfe da wuƙa kamar sabulu, yana yawo a saman ruwa, yana rushe musu duk abin da suka ɗauka game da tauri da nauyi. Ba a sa shi a asid ko da wasa. Potasiyam da ya shekara da shekaru a kwalba ya yi ɓawo, kada ka yanka shi.

8. Ƙonawa, da abin da ya rage

In babu litmos, jiƙa zoɓo a ruwan zafi ba sukari, ka tace, ka sirka har ya yi haske. A asid yana ƙara ja, a alkali, wato kishiyar asid, yana komawa kore. Sai ka ja kunnensu a kan rubutu, alkali ne ba alƙali ba, kada a kai mu kotu.

Riƙe magniziyam kamar tsawon gaɓar yatsa biyu da filaya, ka kai shi wuta. Ka gargaɗe su kada su ƙura wa hasken ido. Farar tokar da ta rage ka zuba a ruwa kaɗan ka girgiza. Jan litmos zai koma shuɗi, zoɓo ya yi kore. 2Mg + O₂ → 2MgO. Yanzu ka koma tambayar samfefa: dattin da suka kankare, ƙarfe ne da ya haɗu da iska sannu a hankali.

Farar wuta a waje ake ƙona ta, kai kaɗai, kuma yanki kamar ƙwayar gero. Na taɓa ƙona rabin cokali a cikin aji lokacin hunturu, tagogi a rufe saboda ƙura. Sai da muka ƙarasa darasi a gindin darbejiya, kowa na tari. Tambayi masu asma tukuna, su tsaya nesa ta inda iska ke fitowa. Ɗora ƙwayar a marfin kwalba da ka ɗaura wa waya, kunna, ka zura cikin kwalba mai ɗan ruwa a ƙasa, ka rufe. Harshen wutar shuɗi ne. In ta mutu ka girgiza, ka tsoma shuɗin litmos, zai koma ja. Da zoɓo kuwa hattara, wannan hayaƙi yana kashe launinsa gaba ɗaya maimakon ya ja shi. In zoɓo kaɗai gare ka, sai ka bayyana musu haka tun kafin su gani.

Ƙa'idar ita ce oksaid na ƙarfe yana ɓangaren alkali, na wanda ba ƙarfe ba yana ɓangaren asid. Kuskuren da sababbin malamai ke yi shi ne su zuba tsatsa ko baƙin oksaid na jan ƙarfe a ruwa su jira litmos ya sauya. Ba zai sauya ba, domin ba sa narkewa a ruwa. Ana gane su ne ta yadda suke kashe asid.

In babu magniziyam, tokar murhu tana fid da kai kunya. Jiƙa ta ka tace, ka zuba zoɓo, zai yi kore shar. Kabon ɗin itacen ya tafi sama, abin da ya rage haɗe-haɗen potasiyam da kalsiyam ne. Ka dai gaya musu gaskiya cewa yawancinsa kabonet ne, ba oksaid zalla ba. 'Yan mata sukan riga kowa ganewa, sun san ruwan toka a miya.

Masu saɓa ƙa'ida a nan, a rubuta su: oksaid na alminiyam da zink da dalma suna aiki da asid da alkali duka, ruwa da kabon monoksaid kuwa ba ruwansu da kowane ɓangare.

9. Sai yanzu bayani

Darasi na uku ke nan, kuma tunani guda ne kawai. Rubuta 2,8,1 da 2,8,2 da 2,8,3, wato yadda ilektron suke jere zagaye-zagaye a atam ɗin sodiyam, magniziyam, alminiyam. A gefe 2,8,6 da 2,8,7, farar wuta da kulorin. Na farkon suna da ilektron ɗaya zuwa uku a zagayen waje, sakinsu ya fi musu sauƙi. Na biyun karɓa suke yi ko su yi tarayya.

Fito da yara goma sha biyu su yi sahu uku, kowa da marfin kwalba a tafin hannu a buɗe. Ka sa sabon marfi ta wannan gefe, kowa ya miƙa na hannunsa gaba, ɗaya ya faɗo ta wancan gefe. Lantarki ke nan a cikin ƙarfe. Ka tura sahu ɗaya ya matsa taki guda, har yanzu marafan suna zagayawa, ba abin da ya watse. Bajewa ke nan a ƙarƙashin guduma. Sannan yara takwas su yi da'ira su riƙe hannun juna gam, marafai a dunƙule. Haka atam takwas na farar wuta suke. Ba mai miƙa komai, kuma tsakanin da'ira da da'ira riƙon ba ƙarfi, shi ya sa take rugujewa. Girafait kuwa kowane kabon ya riƙe uku, ilektron ɗaya ya rage a sake, ga dalilin kunna ƙwai. A daimon, wanda shi ma kabon ne, kowane atam ya riƙe huɗu, babu saura, ga tauri ba ɗaukar wuta.

Yanzu ne za ka raba allon nan gida biyu, su ne za su cika shi daga takardunsu. Ƙara gida na uku na masu saɓa ƙa'ida: zaiba ƙarfe ce amma ruwa ce, buromin shi ma ruwa ne kuma ba ƙarfe ba ne, galiyam yana narkewa a kusan digiri 30, wato a zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ba sai an kai shi wuta ba, tangistin kuwa sai ya haura digiri 3,400. Silikon na cikin faifan sola yana tsakiya, ba nan ba can. A gefen kowane hali ka rubuta kalmar Turancin da za su tarar a takardar WAEC da NECO. Biyun da suka fi rikita su su ne malleable da ductile. Na farko na guduma ne, na biyu na waya.

Awon ƙarshe, ba kowane rukuni abu ɗaya a ƙulle cikin takarda, su yi gwaji uku da suka zaɓa, su yanke hukunci su kare shi a gaban aji. Rukunin da ya fi surutu shi nake ba sandar girafait da na goge ta har tana sheƙi.

Kafin a tashi, sauran asid a zuba masa ruwan kanwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta daina, a sirka da ruwa mai yawa a zubar. Kowa ya wanke hannu da sabulu. Cire batura daga cikin salatif, in ba haka ba za ka tarar sun zube. Farar wuta a kwalbarta daban, nesa da ashana. Ka ƙirga mayen ƙarfe kafin ka buɗe ƙofa, domin shi ne abin da ya fi bin yara gida.